Ɗakin kwamfuta a bayan gidan Kawu: yadda aiki ke tafiya

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Kawu ya ba mu ɗakin da ke bayan gidansa, can wajen Wusasa a Zariya, kusa da dutsen Kufena, mu mai da shi wurin da yaran unguwa za su riƙa saba hannu da kwamfuta kafin jarrabawar JAMB. Ɗakin na bulo ne, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, rufin kwano ba silin, da taga ɗaya mai gilashi tana kallon yamma. Muna da tsofaffin laftof guda 10 da 'yan uwa suka tara, da inbata, da batura, da fanel ɗin sola da za a ɗora.

Matsala biyu ce ta tare mu tun kafin a shigo da tebur. Ɗakin yana da zafi ko a yanzu da hazo bai gama wucewa ba, sannan sabis ba ya shiga ciki. Kawu ya riga ya yanke shawara: a sayo iyakwandishan, a sayo na'urar ƙara ƙarfin sabis, a wuce wurin.

Na ce, "Kawu, a ɗan ba ni lokaci in auna tukuna, kada mu zuba kuɗi a rami."

Ya ce, "To ɗana, auna. Amma ka sani Maris na tafe."

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na rataye ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a tsakiyar ɗakin, ɗaya a inuwar dogonyaro da ke ƙofar gida. Da ƙarfe 3 na rana na waje ya nuna digiri 33, na ciki 39, alhali ba kowa a ɗakin kuma ba a kunna komai ba.

Abin da injiniyoyin gini ke lissafawa kafin su zaɓi na'urar sanyaya ɗaki shi ne jimlar zafin da ɗakin ke ɗauka a kowane lokaci, daga waje da kuma daga ciki. Ana auna shi da wat, irin wat ɗin da ke jikin ƙwan fitila. Na zauna da ƙanena muka bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya a bayan wani tsohon littafin makaranta.

Rufi ne babba. Idan sama ta washe, rana tsaka tana zuba kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Rufinmu murabba'in mita 20 ne, wato wat 20,000 ke sauka a kansa. Kwanon ya tsufa, ya yi tsatsa, kuma baƙi-baƙin abu ya fi fari shan rana. Mafi yawan zafin yana komawa sama, iska ta kwashe, amma ko kashi 10 cikin 100 ne kawai ya sauko ciki, wat 2,000 ke nan. Ba ka buƙatar ma'auni ka gane hakan. Ka tsaya a ɗakin ka cire hula, za ka ji ƙoƙon kanka na ɗaukar zafi daga sama, domin kwanon yana haskako zafinsa kai tsaye ko iska ba ta motsa ba.

Sai taga. Akwai adadin da masu gilashi ke rubutawa, tsakanin 0 da 1, wanda ke nuna kason zafin rana da ke wucewa ta gilashin zuwa cikin ɗaki. Gilashi na yau da kullum, fari mai falle ɗaya, yana wajen 0.85. Tagarmu mita 1.2 ce ko ta ina, kuma daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana na dukanta ido da ido. Na ba ta wat 700.

Mutane ma suna cikin lissafin, wannan ne ya ba ƙanena dariya. Mutumin da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Yara 10 da mai koyarwa, wat 1,100. Wani kaso na wannan zafin yana ɗaga ma'auni, wani kaso kuma yana fita ne a matsayin gumi da tururin numfashi, ma'auni ba ya ganinsa amma jiki na jinsa. Masu lissafi suna raba su gida biyu, zafin da ake ji da ɓoyayyen zafi, kuma na biyun ne ke sa ɗaki ya yi nauyi a watan Agusta ko da digirin bai kai na Afrilu ba.

Duk wutar da na'ura ta sha a cikin ɗaki, zafi take komawa daga ƙarshe. Laftof 10 a kan wat 40, wat 400. Inbata tana ɓatar da kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ya bi ta cikinta, a ce wat 100.

Jimla wat 4,300. 'Yan kasuwa da wani awo mai suna BTU suke magana, kuma wat ɗaya daidai yake da BTU 3.412 a awa, don haka muna neman kusan 14,700. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi da Kawu ke so BTU 12,000 yake cirewa, wajen wat 3,500, kuma shi kansa zai sha sama da wat 1,000 na wuta. Baturanmu ba za su kai la'asar da shi ba, kuma ko sun kai ba zai iya da ɗakin ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau sabis. Layukan nan huɗu ko biyar da ke saman waya ba abin dogaro ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. A wayoyin Android, idan ka shiga saituna wajen bayanin layi, za ka ga lamba mai alamar ragi a gaba da dBm a baya. Ita muka bi.

A tsakiyar ɗaki -112. A tsakar gida -105. Ƙanena ya hau tsani ya ɗaga wayar sama da rufi, -98.

Ya ce, "Yaya, duk wahalar nan a kan 14 kawai?"

Sai da muka zauna a kan wannan. Desibel, wato dB ɗin da ke cikin dBm, ba a ƙirga shi kamar naira. Yana nuna ninki ne. Ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfi ya ninka biyu, ƙarin 10 ya ninka goma, ƙarin 20 ya ninka ɗari. Don haka 14 ɗin da ya raina ninki 25 ne. Injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka ne suka fito da wannan ma'auni a shekarun 1920, suka sa masa sunan Alexander Graham Bell. Amfaninsa shi ne ya mai da ninkawa da rabawa su zama tarawa da ɗebewa. Duk abin da ke kan hanyar sigina, ko ya ƙara ko ya rage, sai ka jera lambobinsu ka tara, ka san riba da asara.

Ƙaramin harafin da ke bin dB yana gaya maka da me aka gwada. A dBm, da miliwat ɗaya aka gwada: 0 dBm miliwat ɗaya ne, 30 dBm wat ɗaya. Lambar -100 kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan goma na miliwat. Da irin wannan ɗan abin waya ke kawo maka hoto da murya, har yanzu abin na ba ni mamaki. A layin 4G, -80 abu ne mai kyau ƙwarai, -100 ana lallaɓawa, daga -110 zuwa ƙasa kuma sai haƙuri.

Me ya cinye desibel 14 tsakanin saman rufi da cikin ɗaki? Kwano da bulo, da katangun maƙwabta. Ƙarfe yana mai da siginar rediyo baya. Ta gefen dutse ba a samun komai, sai mun juya baya ga Kufena lambar ke gyaruwa.

Na faɗa wa Kawu batun na'urar ƙara sabis mu bar shi. Hukumar sadarwa ta NCC ta sha gargaɗi a kan masu kafa ta ba izini, saboda tana dagula wa maƙwabta layi. Ban da haka, tana ƙara hayaniya tare da sigina, duk abin da ta ji shi take ƙarawa.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar. Na shiga kasuwar Sabon Gari da hantsi neman eriya. Wani mai shago ya ɗauko mini wata a kwali, tsawonta bai wuce zira'i ba, an rubuta 35 dBi da manyan haruffa.

Ya ce, "Malam, wannan ko a rijiya kake sai ta jawo maka sabis."

Na yi masa godiya na ajiye. Eriya ba ta da wuta a cikinta, ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Abin da ake kira ribar eriya tattarawa ce. Ka ɗauki tocila mai kan da ake murzawa: batir ɗaya ne, ƙwai ɗaya ne, amma idan ka matse hasken sai ya kai ƙarshen lungu, gefe da gefe kuma su yi duhu. Harafin i da ke dBi yana nufin an gwada ta da wata eriya ta lissafi wadda ke watsa ƙarfi daidai ta kowace fuska. Eriya mafi sauƙi, sanda biyu kai da kai, tana da 2.15 dBi. Mai kama da ƙayar kifi, wadda muka saba gani a kan rufi lokacin talabijin na da, Yagi ake ce mata, daga sunan Hidetsugu Yagi, wanda shi da Shintaro Uda suka fito da ita a Japan a 1926. Mai matsakaicin tsawo takan ba da 10 zuwa 14.

Girman eriya da tsawon zangon sigina su ke yanke iyakar ribar. A zangon megahaz 1,800, wanda ake amfani da shi sosai a Najeriya, tsawon zango kusan santimita 17 ne, kuma kafin ka sami 35 dBi na gaskiya sai ka kafa faranti mai faɗin kusan mita 4. Abin da ke kwalin nan ba zai kai rabin lambar ba. A wani shagon na sami farar eriya mai kusurwa huɗu, mai bakin kebul biyu, an rubuta 11 dBi. Na fi yarda da ƙaramar lamba. Bakin biyun ma yana da amfani, domin 4G da hanya biyu yake aiki a lokaci guda.

Laraba, 12 ga Maris

Wannan ba ya cikin aikin, amma ya shafi maganar. Lasifikar masallacin unguwa tana ta kuwwa lokacin tafsiri, ladan ya ce tun da ni ne mai harkar waya in duba. Na tarar an murɗe maɓallin da aka rubuta wa GAIN har ƙarshe, an kuma rage na babban sauti. Su biyun ba aiki ɗaya suke yi ba. Na farkon yana ɗaga ɗan ƙaramin abin da makirufo ke bayarwa, 'yan milibolt kawai, zuwa wajen bolt ɗaya da sauran na'urar ke iya aiki da shi. A lissafin bolt, ninki ɗari desibel 40 ne, ba 20 ba kamar a lissafin wat. Idan aka wuce kima murya takan tsage, kuma makirufo ya fara jin lasifikarsa, ya sake ƙara abin da ya ji, har ya zama wannan kukan da ke sa tsofaffi toshe kunne. Na rage na farko, na ɗaga na biyu, muka juya lasifikar ciki ta daina kallon mumbari.

Ladan ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗan nan. Kada kowa ya ƙara taɓawa." Ya ɗauko selotef ya manne maɓallin.

Asabar, 22 ga Maris

Aikin rufi ya ci makonnin nan, daga bayan asuba zuwa hantsi kawai ake yi saboda azumi. An kankare tsatsa, an shafa wa kwanon farin fenti. An shimfiɗa takardar alminiyom mai ƙyalli a ƙarƙashinsa da ɗan rata, sannan kafinta ya buga silin. Magini ya fasa ƙananan kafofi a saman bango ta gabas da ta yamma, tsakanin silin da kwano, aka sa raga saboda jemage da ƙadangare, don zafin da ya taru a can ya sami mafita. A tagar yamma mun kafa 'yar rumfa muka rataye asabari daga waje. Daga waje yake da amfani. Labulen ciki yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya wuce gilashi.

Maginin dattijo ne daga cikin birni, ya yi ginin ƙasa kafin ya koma bulo. Yana cikin aiki yake cewa, "Ku 'yan boko kun bar soro kun koma gasa kanku a kwano, yanzu kuma kuna neman magani." Ban musa ba. Bangon tubali mai kauri da rufin azara suna shan zafin rana a hankali, kafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, iska ta huce. Masana suna kiran wannan jinkirin zafi, kuma da awanni ake auna shi. Kwano ba shi da jinkiri ko kaɗan, gajimare na wucewa za ka ji yana ƙas-ƙas yana sakin jiki. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon ginin Masallacin Juma'a na birni, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ya san yadda cikin irin wannan gini yake da rana tsaka. Sai dai soro na son yaɓe duk shekara kafin damina, kuma masu iya shi suna ƙarewa.

Ma'auni da ƙarfe 3: waje 36, ciki 34, ba kowa a ɗakin. Kawu ya shigo ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon silin, bai ce komai a kan iyakwandishan ba.

Takardar alminiyom ɗin ta ƙara toshe sabis. Wayar da ke nuna -112 yanzu -117 take nunawa, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya. Na san za a yi haka, shi ya sa ba mu dogara da siginar cikin ɗaki ba tun farko.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya, mun dawo aiki. Mai walda ya kawo bututun ƙarfe mai mita 6, aka kafa a jikin bangon gabas, aka ɗaura eriya a kai.

Nan batun kebul ya taso. Daga saman bututun zuwa teburin rauta, na'urar da ke karɓar sabis ta raba wa kwamfutoci intanet, mita 15 ne. Siririn baƙin kebul ɗin da ke cika kasuwa, mai lamba RG-58, yana cin desibel 7 ko fiye a kowace mita 10 a wannan zangon. A mita 15 ya cinye wajen 11, daidai abin da eriyar ta kawo, ban da abin da mahaɗai ke ɗauka. Mutane da yawa sun sayi eriya sun ce ba ta aiki, alhali kebul ne ya shanye ta. Mai kauri, irin LMR-400, desibel 2 kacal yake ci a mita 10, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, ga shi muna buƙatar biyu.

Sai muka ɗauki rautar muka kai ta sama kusa da eriya, da kebul na mita 2, sannan muka sauko da intanet ɗin ta kebul ɗin kwamfuta, wanda ke iya tafiyar mita 100 ba matsala, wutar rautar ma ta cikinsa take hawa. Ƙanena na sama yana juya eriyar kaɗan-kaɗan, ni ina ƙasa ina karanta masa lamba. Ta tsaya a -89. Akwai wata kusurwar da ta ba da -86, amma can lambar da ke nuna tazarar sigina da hayaniya ta faɗi, saboda eriyar na jin turken sabis biyu lokaci guda. Muka zaɓi -89 mai tsabta, kuma shafuka sun fi saurin buɗewa a nan.

Yanzu rauta tana cikin akwati a rana, zafi ya biyo mu har saman bututu. A jikin kwalinta an rubuta iyakarta digiri 40. Akwatin roba ne baƙi, da azahar ba ya taɓuwa, kuma wajen ƙarfe 2 rautar ta kashe kanta ta sake tashi. Ƙanena ya karanta a wani wuri cewa zafi yana haifar da hayaniya a cikin na'ura, ya ce shi ne dalili. Maganar tana da tushe, masana biyu, Johnson da Nyquist, sun bayyana ta tun 1928. Amma da muka buga lissafi, tashi daga digiri 25 zuwa 45 bai ƙara hayaniyar da ta kai rabin desibel ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙwaƙwalwar na'urar na rage gudu ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. An yi wa akwatin farin fenti, an huda ƙasansa da gefensa, mai walda ya yi masa 'yar hular kwano da rata ta yatsu huɗu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yara sun fara zuwa tun Litinin, rukunin safe da na yamma. Rauta ba ta sake ɗaukewa ba. Da ɗaki ya cika, waje 38, ciki 37. Fanka biyu na juyawa. Fanka ba ta rage digiri, ita ma wajen wat 70 take ƙarawa, gumi kawai take busarwa, amma hakan ma ya isa a zauna.

Matar Kawu ce ta kawo shawarar a riƙa yayyafa wa asabarin ruwa. Lita ɗaya idan ta ƙafe cikin awa ɗaya tana tafiya da kusan wat 670, kuma iskar bazara busasshiya ce, tana shan ruwa da sauri. Da wannan dabarar randa ke sanyaya ruwa, da ita kuma Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Mun sami ragin digiri biyu a kusa da taga. Da zarar damina ta sauka wannan ya ƙare.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zariya tana kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, kuma a 'yan kwanakin nan ne rana ke bi ta tsakar kanmu. Na fito da yaran wajen ƙarfe 12:30 suka ga inuwar bututun eriya ta shige ƙarƙashinsa. Daga yanzu har ƙarshen Agusta rana tsaka ta arewa za ta riƙa bi, don haka bangon arewa, wanda ba mu kula da shi ba, zai fara shan rana. Batura a jikinsa suke. Irin na dalma ne, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsu biyu. Za mu mai da su zauren Kawu, wanda ginin ƙasa ne, in ya amince, sai dai nisan zai sa mu sayi kebul ɗin wuta mai kauri.

Fanel ɗin sola ma ba sa ba da abin da aka rubuta a bayansu. Lambar an auna ta ne a digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya sama da haka yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100. Idan fanel ya kai 60 a kan rufi, kashi 14 ya tafi. Mun ɗaga su daga jikin kwano da taƙi guda don iska ta bi ta ƙasa, inuwarsu kuma ta rufe kusan sulusin rufin.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, ko da yake bai zubar ba. Bututun ƙarfe mai mita 6 a saman gida ba a barinsa haka a shiga damina. Mai haɗa wuta zai zo ranar Talata da sandar tagulla da za a kafa a ƙasa, da abin kare kebul daga tsawa. Sauran aikin shi ne toshe kafofin gefen akwatin rauta ta fuskar da ruwa ke bugowa, a bar na ƙasa kawai, sannan a sake auna sabis bayan itatuwa sun yi ganye, domin ɗanyen ganye ma yana cin sigina, kuma akwai mangwaro biyu a kan hanyar eriyar.